Yadda Ake Zaɓen Katin Hoto na Kwamfuta: Na Aikin Zane Ko Na Wasa

A shekarun da na yi ina harhaɗa kwamfutoci da gyaransu a cikin birnin Katsina, babu tambayar da ta fi yawan fitowa daga bakin matasa kamar wannan: "Malam, wane girafik ne ya fi?" Abin da suke nufi shi ne katin hoto, wato ɓangaren nan da ake sokawa a jikin madabod, babban farantin da sauran sassan kwamfuta suke haɗe da shi, domin ya ɗauke wa furosesa, sashen da yake yi wa kwamfuta lissafi, nauyin zana duk abin da ido yake gani a kan allo. Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi musu daɗi ba, saboda wata tambayar nake mayar musu da ita: me za ka yi da shi? Mai buga katin gayyatar biki a wajen Ƙofar Ƙaura, da ɗalibin zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da mai tace bidiyon hawan sallah, da saurayin da burinsa ya kwana yana buga ƙwallo a allo, dukkansu "girafik" suke nema, amma katin da zai yi wa ɗayansu aiki yana iya zama asarar kuɗi tsagwaronta ga na kusa da shi.

Mataki na farko ba a kasuwa ake yin sa ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen manhajojin da kake buɗewa kullum, ba waɗanda kake fatan koya wata rana ba, sannan ka ja layi a ƙarƙashin wadda take kawo maka kuɗi. Wannan manhajar ce za ta zaɓa maka kati, domin aikin da muke tarawa mu kira "zane" a gaskiya kashi uku ne, kuma kowanne yana da abin da yake ci a jikin kwamfuta.

Kashi na farko shi ne zanen shimfiɗe: fastoci, da banoni, da kalanda, da katin aure, da tambarin shago, waɗanda ake yi da CorelDRAW ko Photoshop ko Illustrator. Mafi yawan masu zane a garin nan a wannan kashi suke, kuma su ne suka fi kowa yin ɓarnar kuɗi a kan kati. CorelDRAW ya fi dogara da ƙarfin furosesa da yawan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take shimfiɗa aikin da take kan yi, Photoshop kuwa yana amfani da katin hoto a wasu ayyuka kamar jujjuya hoto da zuƙo shi da wasu matatai, amma ba ya buƙatar ƙaton kati kafin ya yi su. Na taɓa zuwa shagon wani dattijo mai ɗab'i, ana tsakiyar kakar siyasa, aiki ya yi masa yawa har yaransa suna kwana a shago. Ya nuna mini kwamfutarsa yana cewa, "Dubi nan, Malam, kati na saya mai fanka uku, amma in na buɗe banar nan sai in sha shayi in gama ba ta buɗe ba." Da na duba sai na tarar ram ɗinsa gigabait 4 ne kacal, kuma fayilolinsa suna kan tsohon faifai mai juyawa. Na ce masa, "Alhaji, doki ka saya, amma ƙofar bargar ce ta yi ƙanƙanta." Muka ƙara ram ya kai gigabait 16, muka sa faifan SSD, banar ta buɗe kafin ya ajiye kofinsa. Wanda aikinsa bai wuce wannan ba, ƙaramin kati mai ram ɗin kansa na gigabait 4 zuwa 6 ya ishe shi, kai, sau da yawa ma sashen hoton da ke cikin sabbin furosesa na Intel da AMD yana ɗaukar aikin ba tare da an sayi kati ba, a mayar da kuɗin kan ram da monita mai kyau.

Kashi na biyu shi ne tace bidiyo. A nan kati ya fara magana. DaVinci Resolve yana jibga wa katin hoto kusan duk aikin gyaran launi da share dishi-dishin hoto, Premiere Pro kuma yana amfani da shi wajen saurin fitar da bidiyo, yayin da After Effects har yanzu ya fi ƙishirwar ram da furosesa. Abin da ya kamata mai wannan aiki ya duba, wanda 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba, shi ne ko katin yana da sashen matse bidiyo na musamman, irin wanda NVIDIA, kamfanin ƙera katunan hoto, take kira NVENC. Akwai katunan da aka cire musu wannan sashe gaba ɗaya, kamar RX 6400 da RX 6500 XT na AMD, saboda haka mai ɗaukar bidiyon biki da yake son ya miƙa aiki kafin amarya ta tare, ya kauce musu komai arharsu.

Kashi na uku shi ne zane mai kauri da zurfi, wato na gine-gine da injuna da zanen motsi. Ko a nan sai an rarrabe. AutoCAD, idan shimfiɗaɗɗen taswirar gida ake yi da shi, furosesa mai sauri yake so fiye da komai. Amma da zarar an ɗauki ginin an kai shi Lumion ko Twinmotion ko Blender domin a zuba masa haske da inuwa da itatuwa, a fitar da hoton da za a nuna wa mai gida ya ga gidansa tun ba a haƙa tushe ba, to nauyin ya koma kan katin hoto kusan kacokan.

Mataki na biyu shi ne ka fahimci abin da wasa yake nema daga kati da abin da zane yake nema, domin a nan hanyoyin biyu suka rabu. Wasa gudu yake so. Duk motsin da ake gani a allo jerin hotuna ne da katin yake zanawa ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ana son hotuna 60 a cikin sakan guda, kowane hoto dole a gama shi cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa sittin na sakan. Idan wata inuwa ta ɗan kauce a ɗaya daga cikinsu babu mai lura, an riga an wuce. Zane kuwa fili yake so da juriya. Ka ɗauki misalin tela: ƙwaƙwalwar katin ita ce hannun telan, ram ɗin da ke jikin katin kuma shi ne teburin yanka. Telan da yake da saurin hannu amma teburinsa ƙarami ne, idan aka kawo masa babbar riga mai aska tara sai ya yi ta naɗewa yana warwarewa, har wanda bai kai shi sauri ba amma yana da faffaɗan tebur ya riga shi gamawa. Haka abin yake a Blender da makamantansa: idan ginin da ka zana, da duk fenti da katako da ganyayen da ka liƙa masa, ya fi ƙarfin ram ɗin katin, ko dai aikin ya koma tafiyar hawainiya ko ya tsaya cak da saƙon cewa wuri ya ƙare, bayan ka ƙona man janareta na awa biyu.

Wannan shi ya sa RTX 3060 mai gigabait 12, wanda ya fito a 2021, ya daɗe yana da farin jini a wajen masu zane, duk da cewa RTX 4060 da ya gaje shi a 2023 ya fi shi gudu a yawancin wasanni. Sabon gigabait 8 kawai yake da shi. Mai wasa a ƙaramin allo zai fi jin daɗin 4060, amma ɗalibin da yake zana rukunin gidaje da masallaci da filin ajiye motoci a fayil ɗaya, ƙarin gigabait 4 ɗin nan ya fi masa amfani. A ra'ayina, wanda zai ci abinci da kashi na biyu ko na uku kada ya sauka ƙasa da gigabait 8, ya nemi 12 in da hali, mai aikin bidiyon 4K, wato mai yawan ɗigon hoto ƙwarai, ko manyan gine-gine kuma ya sa ido a kan 16. Sai dai a lura, akwai wani RTX 3060 ɗin mai gigabait 8 da aka fitar daga baya, suna ɗaya amma bai kai na asalin ba, don haka a karanta kwalin da kyau.

Kada kuma wannan magana ta sa mutum ya ɗauka yawan gigabait shi ne komai, domin nan ne tarkon da ya fi kama mutane. Sau da yawa yaro zai shigo da murnarsa ya ce ya samo "girafik mai fo-gig", wato mai gigabait 4, da arha, in duba in ga GT 730 ne, katin da ya fito tun 2014, mai ƙwaƙwalwa rarrauna da ram mai nawa. Faffaɗan tebur ne a gaban telan da bai iya riƙe almakashi ba. Irin ram ɗin ma yana da muhimmanci: GT 1030 yana da iri biyu, mai GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun ya gaza na farkon nesa ba kusa ba, alhali sunansu ɗaya a bakin mai sayarwa.

Mataki na uku shi ne koyon karanta sunan kati, kuma ba shi da wuya. A wajen NVIDIA, lambobi biyun farko suna nuna zamani, biyun ƙarshe kuma suna nuna matsayi. A RTX 3060, 30 ɗin shi ne zamanin da ya fara a 2020, 60 kuma matsakaicin matsayi ne. Jerin 20 ya fara a 2018, jerin 40 a 2022, jerin 50 a 2025. Matsayi yana hawa daga 50 zuwa 60, 70, 80, har 90, kuma Ti ko Super a ƙarshen suna ƙarin ƙarfi ne kaɗan. Abin kiyayewa shi ne babbar lamba ba kullum take nufin babban kati ba: RTX 3080 ya fi RTX 4060 ƙarfi sosai, kamar yadda babban yaya a tsohon ɗaki ya girmi ƙaramin ɗa a sabon ɗaki. AMD ma haka ta tsara nata a RX 6600 da RX 7600, lambar farko zamani, sauran matsayi.

Daga nan sai tambayar da take rikita masu zane: shin dole ne sai an sayi katin ƙwararru? NVIDIA tana da layi biyu, GeForce na wasa da kuma wanda aka daɗe ana kira Quadro, sunan da kamfanin ya ajiye wajen 2020 ya koma sunaye irin su RTX A2000 da RTX A4000; AMD kuma tana da Radeon da Radeon Pro. Sirrin da ya kamata a sani shi ne sau da yawa ƙwaƙwalwar da ke ciki iri ɗaya ce. RTX 4090 na wasa, wanda aka fitar a kan dala 1,599 da gigabait 24, zuriyar ƙwaƙwalwa ɗaya yake da RTX 6000 Ada na ƙwararru mai gigabait 48, wanda kuɗinsa ya haura dala 6,000. Abin da ake biya a na ƙwararru shi ne ƙarin ram, da irin ram mai gyara kuskuren lissafi da kansa, da direbobi, wato manhajojin da suke sarrafa katin, waɗanda kamfanonin manhaja suka gwada suka sa wa hannu, da kuma ƙarancin cin wuta. Injiniyan da yake aiki da SolidWorks a kan inji mai dubban sassa, ko ofishin da yake son kamfanin manhaja ya saurare shi idan matsala ta taso, su ne wannan kati ya dace da su; akwai ma wani salon nuna hoto a SolidWorks mai suna RealView da aka keɓe wa katunan da aka amince da su. Amma mai Photoshop da mai Premiere da mai Blender da mai Lumion, katin wasa yana yi musu aiki sarai, kuma a kuɗi ɗaya ya fi ba su ƙarfi. Na sha ganin an sayar wa ɗalibai tsofaffin Quadro masu gigabait 1 ko 2 da aka ciro daga kwamfutocin ofis na Turai, ana ce musu "wannan na injiniyoyi ne". Na injiniyoyi ne, amma na shekara goma sha da suka wuce. Akasin haka kuma, wanda wasa ne gabansa babu dalilin da zai sa ya kusanci katin ƙwararru.

Mataki na huɗu na mai wasa ne, kuma da monitarsa zai fara. Allon 1080p yana da ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye, wato sama da miliyan 2 kaɗan. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7, na 4K kuma ya haura miliyan 8, ninki huɗu na farkon. Kowane ɗigo sai katin ya zana shi, saboda haka girman allo shi ne girman kaya. Sannan akwai saurin allon: monitar da take sabunta hoto sau 60 a sakan ba za ta nuna maka fiye da haka ba ko da katinka yana fitar da 200. Yawancin masu gidajen wasa da samarin da nake gani a nan talabijin ko tsohuwar monita mai 1080p da 60 suke amfani da ita, kuma wasanninsu ba su wuce ƙwallon EA Sports FC, wanda aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna a 2023, da eFootball, da GTA V, da PUBG ba. Ga irin wannan, GTX 1660 Super ko RX 6600 ko RTX 3060 sun wadatar, sayen abin da ya fi haka kuwa kamar sayen tirela ne don kai buhu ɗaya Babbar Kasuwa. Wanda yake son sabbin wasanni masu nauyi a allon 1440p shi ne zai hau zuwa RTX 4070 ko abokan tafiyarsa. Fasahar bin sawun haske da katunan RTX suka zo da ita a 2018 tana ƙawata wasa amma tana cin ƙarfi ƙwarai, kuma abin mamaki, mai zane ya fi mai wasa cin moriyarta, domin ita ce take gajarta lokacin fitar da hoto a Blender ta hanyar tsarin NVIDIA mai suna OptiX. Akwai kuma dabarun DLSS na NVIDIA da FSR na AMD da XeSS na Intel, waɗanda suke zana hoto ƙarami sannan su faɗaɗa shi, su ƙara wa matsakaicin kati numfashi a wasa.

Batun kamfani kuwa, ga mai wasa zalla AMD takan ba da ƙarfi da ram mai yawa a kuɗi kaɗan, Intel ma da ta shigo fagen da katunan Arc a 2022 ta fitar da B580 mai gigabait 12 a ƙarshen 2024 a kan dala 249, sai dai katunan Arc suna son sabon madabod mai fasahar Resizable BAR kafin su nuna ƙarfinsu, don haka ba na ba da shawarar a sa su a tsohuwar kwamfuta. Ga mai zane mai kauri, ni NVIDIA nake nunawa, ba don soyayya ba, sai don fasaharta ta CUDA, wadda manhajoji suke bi su sa katin ya yi musu lissafi, ta daɗe a fage har manhajoji da yawa sun ginu a kanta. OctaneRender, alal misali, a kan Windows katin NVIDIA yake nema. Wanda yake son jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ya yi aiki da rana ya yi wasa da dare, GeForce mai gigabait 12 ko 16 shi ne matsayar da ta fi sauƙi.

Mataki na biyar shi ne wanda masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne rabin maganar: wuta da zafi. Kowane kati yana da adadin wat da yake ja idan yana aiki tuƙuru. GTX 1650 wat 75 yake ci, RTX 4060 wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, tsohon RX 580 wat 185, RTX 4090 kuwa wat 450. Idan da sola da inbata kake aiki, ka zauna ka yi lissafi. Tsakanin 3060 da 4060 akwai wat 55, wanda a awa takwas na cikakken aiki ya kama 440 a ma'aunin wat-awa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400, amma idan irin na ruwa ne ana son kada a zuƙe fiye da rabinsa, saura 1,200 ke nan, ka ga bambancin katin nan kaɗai ya cinye sama da sulusin abin da ke hannunka. Gaskiya ne kati ba ya jan cikakkiyar wuta sai yana wasa ko fitar da hoto, amma wanda sana'arsa ke nan ya san yawancin yininsa a hakan yake. Saboda haka shawarar da na bayar a baya a kan 3060 tana da farashi, kuma kowa ya auna da irin wutar da yake da ita.

Bayan wannan sai ka buɗe murfin kwamfutarka ka karanta takardar da ke manne a jikin fawafak, wato akwatin da yake raba wa sassan kwamfuta wuta. NVIDIA tana ba da shawarar wat 550 ga 3060 da 4060, wat 650 ga 4070, wat 850 ga 4090. Ramin da ake soka kati a madabod wat 75 kawai yake bayarwa, ragowar ta waya take zuwa daga fawafak: mai baki 6 tana ba da wat 75, mai baki 8 tana ba da 150. Idan fawafak ɗinka ba shi da waɗannan wayoyi, kada ka yarda a yi maka ƙulle-ƙulle da jone-jone, ka canza shi, kuma ka guji marasa nauyi da ake rubuta musu wat 600 alhali in ka ɗaga su kamar gwangwanin madara. Yawancin kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, ƙananan Dell da HP, akwatinsu siriri ne, fawafak ɗinsu sau da yawa bai kai wat 300 ba, kuma bakin wayarsa na kamfanin ne kaɗai, ba ya canzuwa da sauƙi. Irin waɗannan gajeren kati suke ɗauka wanda ba ya neman ƙarin waya, kamar gajeren GTX 1650, ko RTX 3050 mai gigabait 6, ko RTX A2000 mai cin wat 70, wanda a nan ne kaɗai nake ganin katin ƙwararru yana iya zama mafita ga ƙaramin mai zane. Ko akwatinka babba ne, ka sa ma'auni ka auna tsawon filin da ke ciki, domin akwai katunan da suka haura santimita 30. UPS ko sitabilaiza kuwa ba ado ba ne. Hawa da saukar wuta sun kashe katunan da suka fi waɗanda wasa ya kashe yawa a cikin waɗanda suka ratsa teburina.

Zafin bazara, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40 a watan Afrilu, yana sa kati ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, shi ya sa na fi son mai fanka biyu ko uku a kan mai fanka ɗaya idan ƙwaƙwalwarsu ɗaya ce, kuma akwatin ya kasance yana da fanka mai shigar da iska ta gaba da mai fitarwa ta baya.

Mai sayen laftof ya san cewa katinsa a manne yake, ba a cire shi a sa wani, kuma suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne. RTX 4090 na laftof gigabait 16 yake da shi, ba 24 ba, kuma ƙwaƙwalwarsa ta fi kusa da ta 4080 na tebur. Laftof biyu ma masu RTX 4060 suna iya bambanta sosai, saboda wani kamfanin ya ba katin wuta mai yawa, wani ya taƙaita ta don jikin ya zama siriri. Ka tambayi wat nawa aka ba katin kafin ka tambayi launin murfi.

Mataki na shida shi ne ciniki. Ko a nan Katsina za ka saya, ko za ka shiga mota zuwa Titin Beirut a Kano, ko za a aiko maka daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, idan na hannu ne kada kuɗi ya bar aljihunka sai an gwada. Bayan da tsarin Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet a watan Satumba na 2022, ɗimbin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwa, musamman RX 580 da jerin 30. Ba dukkansu ne marasa kyau ba, amma fankokinsu da man sanyayarsu sun gaji. Akwai kuma na jabu, tsohuwar ƙwaƙwalwa da aka sauya wa suna a cikin manhajarta. Wani ƙanen abokina ya taɓa kawo mini kati a kwali mai ƙyalli, an rubuta GTX 1050 Ti, ya ce, "Yaya, duba mini, wasa yana buɗewa sai ya rufe." Tun kafin in soka shi na ga bakin VGA mai shuɗi, tsohon bakin wayar monita, a bayansa, abin da katunan wannan zamani na asali suka daina zuwa da shi. Muka buɗe GPU-Z, manhajar kyauta mai tona asalin kati, sai ga kalmar jabu a gaban sunan, ƙwaƙwalwar kuma ta wani kati ce da ya girmi wancan da shekaru. Mai sayarwar ya riga ya kashe waya.

Don haka ka tafi da GPU-Z da FurMark, manhajar da take sa kati aiki tuƙuru don gwaji, a kan filas ɗinka. Ka sa a soka katin a gabanka, ka duba suna da yawan ram da irinsa su dace da abin da kamfanin ya wallafa. RX 580 ma yana da wani iri mai lakabin 2048SP wanda bai kai na asalin ƙarfi ba. Sannan ka kunna FurMark na minti goma sha biyar zuwa ashirin kana kallon zafi. Idan ya wuce digiri 85 yana ci gaba da hawa, ko ka ga ɗige-ɗige masu launi da layuka a allo, ko allon ya ɗauke ya dawo, ko wata fanka ta ƙi juyawa ko tana gurnani, ka mayar masa da kayansa cikin mutunci. Ka gwada kowane baki na HDMI da DisplayPort, ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, ka shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna. In da hali ka buɗe ainihin fayil ɗin aikinka mafi nauyi ko wasan da kake bugawa, domin shi ne alƙalin gaskiya. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin katin da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da shi, a rubuce, ba da baki ba.

Idan ka iso gida, ka fara cire tsohuwar manhajar direba, musamman in daga AMD ka koma NVIDIA ko akasin haka; manhajar DDU tana share ta tas. Ka kashe kwamfuta, ka zare wayar bango, ka taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar jikinka, wadda takan yi yawa a busasshiyar iskar hunturu, sannan ka soka katin a dogon ramin da ya fi kusa da furosesa har ka ji ya yi ƙas. Ka ɗaure sukurorinsa, ka tura wayar wuta har ƙarshe, musamman sabuwar mai baki 16 ta manyan katunan jerin 40 da 50, wadda aka samu rahotannin narkewarta a inda ba ta shiga sosai ba. Sai kuma kuskuren da nake gani kusan kowane wata: wayar monita a bayan katin ake sa ta, a bakunan da ke ƙasa, ba a na madabod da ke sama ba. Mutum zai yi wata uku yana zagin katinsa alhali bai taɓa amfani da shi ba.

Direba daga shafin kamfanin ake sauke shi. NVIDIA tana da iri biyu ga katin GeForce ɗaya: Game Ready, wanda ake sabuntawa da fitowar sabbin wasanni, da Studio, wanda ta ɓullo da shi a 2019 kuma ake gwada shi da manhajojin zane da bidiyo kafin a sake shi. Mai sana'a ya ɗauki Studio, yana buga wasa da shi lafiya lau, kuma kada ya sabunta direba ana gobe zai miƙa aiki. Mai ɗab'i ya tuna cewa kati ba ya gyara launi. Idan jan da ke allo ya fito ruwan goro a takarda, monita ce da tsarin launin ɗab'i na CMYK za a bincika, kuma monita mai allon IPS ta fi dacewa da shi a kan mai saurin wasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura take shiga ko'ina, ka riƙa buɗe akwatin duk bayan mako uku ko huɗu kana hure haƙarƙarin katin da abin hura iska, ka dafe fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima, kuma ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa ka ɗora ta a kan tebur.